Akwai Waya a Bango

Duk mai sana'ar haɗa kyamarar tsaro a cikin birnin Kano ya san wannan maganar, domin da ita ake buɗe ciniki: "Injiniya, ba sai ka sayo waya ba, ai akwai waya a bango." Maigida bai yi ƙarya ba. Akwai ta, ga bakinta nan ya leƙo ta saman ƙofar zaure, an naɗe shi da baƙin salatif tun shekarun da aka manta. Shi ma injiniya in ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba za ta yi ba," ba lallai ne ribar kwalin waya yake hange ba. Kalma ɗaya suke furtawa, abu biyu suke nufi.

Cikin kalmomin aro kaɗan ne suka yi wa Hausa bauta irin ta waya. Daga Ingilishi ta zo da ma'anar zaren ƙarfe, ta biyo Turawan mulki da turakunsu na tangaraho, sannan ta shiga haihuwa. Aika saƙon gaggawa ya zama buga waya. Ofishin da ake bugawa ya zama gidan waya, sunan kuma ya zauna masa har bayan da aikinsa ya koma wasiƙa da kan sarki. Tarho ya zo, aka ce wayar tarho. Da aka samu saƙon da ke tafiya ba zare, ba a rasa abin faɗa ba, aka ce wayar iska, wato waya marar waya. A watan Agustan 2001 kamfanonin salula suka fara aiki a Nijeriya, kafin a ankara kalmar ta tattara ta koma aljihu. Yau in yaro ya ce an sace masa waya, ba wanda zai zaci zaren ƙarfe yake nufi. Kalmar da ta ɗauki kaya haka ba ta iya gaya wa mutum komai game da abin da ke cikin bangonsa, sai an bi ta an tambayi sunanta na yanka.

Zaitawa wuri ne da ya dace da irin wannan tambaya, don ita kanta unguwar suna ne da ya daɗe da rabuwa da mai shi. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite, cikin ayarin akwai Mandawari da Sheshe. Wani littafin, na asalin Wangarawa, da aka rubuta wajen 1650, ya kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, sunayen malaman su ne yau a kan unguwanni, Zaitawa kuwa mutanen Zaite ke nan, ginin kalmar ɗaya da na Kanawa da Katsinawa. Haka muke da suna, in ya kama ba ya saki. An kafa NEPA a 1972, ta zama PHCN a 2005, KEDCO ta koma hannun 'yan kasuwa a 2013, amma har yau in fitila ta kama yaran lungu NEPA suke yi wa shewa.

To abin da ake kira wayar alam a gidajen Zaitawa ma sau da yawa sunan gado ne. Ainihin wayar ƙararrawar ɓarayi, mai zagaya ƙofofi da tagogi ta koma wani akwati a ɗakin maigida, ba kowane gida ke da ita ba. An fi samun ta a gidajen attajiran da suka rushe ginin ƙasa suka yi na bulo, da shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. A sauran gidajen, abin da ke bango ɗayan uku ne. Ko dai wayar ƙararrawar ƙofa ce mai 'ya'ya biyu, wadda sau da yawa wutar gida ce kai tsaye ke bi ta cikinta, don haka ba abar taɓawa da hannu ba ce. Ko wayar NITEL ce, ta zamanin da lambobin Kano ke farawa da 064. Ko kuma baƙar waya ko fara mai kauri da ta sauko daga dish ko eriya. Kowace da halinta, kuma maganar sake amfani da ita ba ta fara ba sai an san wace ce.

Mu fara da alam ɗin. Kalmar ta biyo ta Ingilishi ne, amma tushenta Italiya, inda all'arme ke nufin a ɗauki makami. Kira ne, ba na'ura ba. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu ba ƙararrawa ba ne, kuge ne da ake bugawa a sanar da yaƙi, ko kururuwar tsakar dare ta a kawo ɗauki. Mun raba aikin gida biyu a bakinmu: ƙararrawa ga mai kiran maigida, jiniya ga mai tara jama'a. Na'urar kuwa ta girmi tarho. A 1853 wani limamin coci mai suna Augustus Russell Pope, a garin Somerville kusa da Boston a Amurka, ya yi rajistar ƙararrawar lantarki mai kaɗawa in an buɗe ƙofa ko taga. Edwin Holmes ya sayi haƙƙin a 1857 ya mai da shi kasuwanci, ya shimfiɗa wayoyi daga bankuna da shaguna zuwa ofishinsa. Da Alexander Graham Bell ya fito da tarho a 1876, babu layukan da aka shimfiɗa dominsa. A watan Mayun 1877 ɗan Holmes ya jona tarho a kan wayoyin ƙararrawar kamfaninsu a Boston: da rana abokan ciniki su yi magana, da dare wayar ta koma gadi. Wannan na cikin mahaɗar tarho ta farko a duniya. Ke nan Alhajin da ya ce akwai waya a bango ba shi ya fara wannan dabara ba, shekarunta sun kusa 150, kuma karon farko ta ci.

Me ya sa murya ta hau, hoto yake gardama? Amsar tana cikin aikin da aka ƙera wayar dominsa. Akwatin alam yana tura 'yar wuta ta zagaya ta dawo masa. A jikin ƙofa akwai maganaɗisu, a jikin dogarin ƙofar akwai wani ɗan makunni da maganaɗisun ke riƙewa a rufe. Ƙofa ta buɗe, zagaye ya yanke, jiniya ta tashi. A ƙarshen layin akan saka ɗan rizisto don akwatin ya gane in wani ya haɗe wayar da gangan. Iyakar labarin da wayar ke kaiwa ke nan: a rufe, a buɗe, an taɓa. Yaron aike ne da ke shiga cikin gida ya ce wai ana sallama, ya juyo. Kyamara kuwa so take ya faɗi kamannin mai sallamar, da launin hularsa, da abin da ke hannunsa, sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya.

A nan ne suna ya fi yaudara. Wayar alam da aka fi gani a nan irin ta Ingila ce, farar riga, a ciki 'ya'ya 4 ko 6 ko 8 masu launi daban-daban, masu sana'a suna ce mata siks-koa ko eit-koa gwargwadon yawan 'ya'yan. Wayar intanet, wadda 'yan France Road da Beirut Road ke kira kat-fayif ko kat-siks, ita ma 'ya'yanta 8 ne. Mutum ya feɗe rigar wannan ya ƙirga takwas, ya feɗe waccan ya ƙirga takwas, ya ce ai abu ɗaya ne. Kat ɗin nan ba ruwansa da kyanwa, guntun kalmar da ke nufin aji ne, lambar kuma matsayin ajin. Abin da ya ba ta ajin ba yawan 'ya'ya ba ne, murɗi ne. 'Ya'yan kat-fayif biyu-biyu aka murɗe su, kowace tagwaye da tsananin murɗinta daban. Ɗaya tana ɗauke da saƙo, 'yar uwarta tana ɗauke da kishiyarsa. In hayaniyar lantarki ta faɗo daga wayar wuta ko fanka ko janareta, daidai take shafar su biyun, na'urar da ke ƙarshen layi ta ɗebe wannan daga waccan, hayaniya ta ɓace, saƙo ya saura. Bell ne dai ya yi rajistar wannan dabara a 1881. 'Ya'yan wayar alam kuwa a jere suke kwance, ba wadda aka ɗaura wa 'yar uwa, don saƙon a rufe ko a buɗe bai damu da hayaniya ba.

Shi ya sa in aka matsa aka sa wa wayar alam kan intanet, takan yi abin da ya fi ƙin aiki muni: takan yi aiki wani lokaci. A 'yan mitoci fitilar ta kama, hoto ya fito, a biya injiniya. Ran da aka tayar da injin markaɗe a maƙwabta, hoto ya tsaya cak. Ita kat-fayif an yi mata alkawarin mita 100, wannan kuwa ba wanda ya yi mata alkawarin komai. Akwai na'urorin da ke tura intanet ta 'ya'ya biyu kacal, ana sa ɗaya a kowane baki, amma a gida mai girman na cikin birni kuɗinsu yakan fi na sabuwar waya. Kwalin kat-fayif mita 305 ne, ƙafa 1000 ke nan a lissafin masu ƙera ta, ya ishi gida har a yi kyauta da saura.

Kyamara, ko kamara a bakin wasu, ɗaki take nufi. Daga Latin camera obscura, ɗaki mai duhu, inda haske ke shiga ta ƙaramar kafa ya zana abin da ke waje a bango, kai a ƙasa. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan a Kitabul Manazir, abin alfahari ne kuma gaskiya ne. Amma maganar da ake yawo da ita cewa kalmar kanta daga Larabci aka ciro ta ba ta da ƙafa. Latin daga Girkanci ta ɗauko ta, inda kamara ke nufin ɗaki mai rufin baka, irin wanda maginan Kano ke yi wa ɗaurin guga. Da su aka ba wa raɗin suna, da soro za su ce. Gidajen rediyo kan ce kyamarar tsaro, wani lokaci na'urar ɗaukar hoto ta sirri, wanda bai dace da abin da aka kafa a fili kowa na gani ba. A kasuwa kuwa da siffa ake kira: bulet ga doguwa, dom ga mai kama da ƙubba.

Rabuwar da ta shafi waya ita ce ta analog da aifi. Kyamarar aifi 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai adireshinta, kamfanin Axis na Suwidin ya fito da ta farko a 1996, kuma kat-fayif take so. Ta analog hoto take turawa ɗanye, tana son waya mai cibiya ɗaya da raga kewaye da ita, wato dangin wayar dish. A nan mai tsohuwar wayar dish zai yi murna, kuma yana da ɗan dalili. Haruffan RG da ke jikin rigarta gadon lambobin kayan rediyo ne na sojan Amurka tun zamanin yaƙin duniya na biyu. RG6 ta dish ce, RG59 ta kyamara ce, dukansu om 75, don haka kan BNC yana shiga, hoto yana fitowa. Bambancin na ciki ne. Yawancin wayar dish cibiyarta baƙin ƙarfe ne da aka shafe da jan ƙarfe, ragarta alminiyam, abin da ya ishi saƙon tauraron ɗan adam da ke bin fatar waya kawai. Hoton kyamara yana son jan ƙarfe har ciki. A kusantar da maganaɗisu ga cibiyar, in ta manne an san amsa. Duk da haka a mita 15 ko 20, tsakanin zaure da falo, takan yi, har da sababbin kyamarorin analog masu kaifin hoto, TVI da Hikvision ke amfani da shi, CVI na Dahua, da AHD. Kamfanonin biyu na garin Hangzhou ne a Sin, duka an kafa su a 2001, kuma su suka cika kasuwar.

Sai wani ɗan abu mai girman yatsa da masu sana'a ke kira balan. Sunan guntayen kalmomin Ingilishi biyu ne aka liƙa, ɗaya na nufin daidaitacce, ɗaya wanda ba daidaitacce ba, aikinsa kuma tafinta ne tsakanin wayar mai raga da murɗaɗɗiya. Da shi ake tura hoton analog ta kat-fayif. Da shi kuma tsohuwar wayar tarho ta cikin gida, wadda sau da yawa tana da ɗan murɗi, takan fi wayar alam kunya. A kan wayar alam balan yana aiki rabi da rabi: hoto ya zo da inuwa, layuka suna hawa suna sauka.

Inda wayar alam ke da sauran amfani na gaske shi ne wuta. Mu da lantarki, wadda ita ma aro ce, da harshen murhu duk wuta muke cewa, amma a nan ma sai an tambayi nawa. Alam da kyamarar analog duka tuwal-bolt suke ci, wato bolt 12, wannan ne ma ke sa a ɗauka sun dace. Sai dai sensar motsi 'yar wuta take lasa, kyamara kuwa ci take yi. Kowace ɗiya ta wayar alam faɗin bakinta murabba'in milimita 0.22 ne, tana da turjiyar kusan om 80 a kilomita. Daga ɗakin maigida zuwa ƙofar gida a ce mita 30, zuwa da dawowa 60, kusan om 5. Da rana kyamara tana jan kamar kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, bolt 1 ya zube a hanya, 11 ya isa, lafiya lau. Magariba ta yi, jajayen fitilun ganin dare suka kama, ja ya haura rabin amfiya, kusan bolt 3 ya zube, abin da ya isa bai kai abin da kyamarori da yawa ke jurewa ba. Ta mutu, fitilun suka mutu, wuta ta dawo, ta farfaɗo, fitilun suka sake kamawa, ta sake mutuwa, haka har asuba. Gidan da kyamararsa ke gani da rana ta makance da dare, kafin a zargi yaran gida ko a fara maganar mutanen ɓoye, a sa mita a auna bakin wayar bayan isha'i. Maganin ba shi da tsada: a siks-koa, a haɗa 'ya'ya uku wuri ɗaya su kai, uku su dawo, turjiya ta koma sulusi.

Wannan lissafin na jan ƙarfe ne zalla, wanda 'yan kasuwa ke kira fiyo-kofa. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, harufanta CCA, sunanta a bakin masu aiki jabu. Turjiyarta ta fi da kusan rabi, tana karyewa in an lanƙwasa, a kankare ta da wuƙa fari zai bayyana. Abin dariyar shi ne tsohuwar wayar da ke bango sau da yawa ta fi sabuwar mai arha kyawun ƙarfe, 'yan jari-bola ma sun san haka. Kyamarar aifi ta kauce wa matsalar ta wata hanya: tun ƙa'idar 2003 ana tura mata wuta da saƙo ta kat-fayif ɗaya a kan bolt kusan 48, ana ce wa tsarin PoE. Da yake ƙarfin turin ya ninka huɗu, abin da ke gudana ya ragu, asarar hanya ta zama kaɗan. Amma in wayar jabu ce, PoE ɗin ma zafi take yi.

Akwai kuma amfanin da ba shi da alaƙa da ƙarfen. A gidan da aka yi wayarin na kondut, wato aka binne faif a bango, abin da ya fi wayar daraja shi ne hanyar da ta bi. A ɗaure sabuwa a bakin tsohuwa, a ja ta ɗaya ɓangaren, ba a fasa bango ba. A gidan ƙasa da aka yi wa shafen siminti, inda wayarin safes ne da 'yan kilif a fili, wannan ma bai taso ba, a bi gefenta kawai a kafa sabuwa.

Yanzu akwatin da hoton ke zuwa. Wasu dikoda suke ce masa, don ya yi kama da na dish, masu sana'a kuma dibi'ar in na analog ne, enbi'ar in na aifi ne. Mai son ɗora tsarin a kan kwamfuta yakan ɗauka ya zaɓi wani abu daban, alhali dibi'ar ma kwamfuta ce, yawancinsu Linux ke cikinsu, an dai rufe ta ne ta yi aiki ɗaya. Abin da kwamfutar tebur ke bayarwa 'yanci ne: manhajoji irin su ZoneMinder da Frigate na kyauta, ko Blue Iris na kuɗi, suna karɓar kyamarar kowane kamfani, albarkacin ƙa'idar ONVIF da Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008. Abin da take karɓa kuwa wuta ne. Tsohuwar kwamfutar tebur tana shan wat 60 zuwa 100, dibi'ar da faifansa ba su cika wuce 20 ba. A garin da dare ke wucewa a kan inbata, wat 80 na awa 12 ya kusa shanye batir mai amfiya 100 gaba ɗaya, shi kuwa ba a so a ci fiye da rabinsa. Ga kuma ajiya: kyamara ɗaya mai tura megabit 4 a daƙiƙa tana cika gigabait 43 a kwana, huɗu su cinye terabait ɗaya kafin mako. A ganina, in ba mutum yana da sha'awar abin don kansa ba, ko yana da ƙaramar kwamfuta mai shan wuta kaɗan, akwatin ya fi dacewa da Zaitawa.

Ko wanne aka zaɓa, akwai kuskuren da nake ganin ya fi na waya girma, wato cire alam don an sa kyamara. Ba aiki ɗaya suke ba. Kyamara shaida ce, da safe ake tambayarta. Jiniya kira ce, a lokacin take magana, kuma a lungun da bango ke jingine da bango, ƙararta gidaje da yawa take tayarwa. A bayan dibi'ar da yawa akwai wasu ƙananan ramuka da aka rubuta wa alam, waɗanda ba kasafai ake taɓa su ba. Nan ne gurbin tsohuwar wayar. A jona maganaɗisun ƙofar zaure a wurin, ƙofa ta buɗe da ƙarfe biyun dare, akwatin ya fara naɗa, ya buga jiniya, ya aika saƙo wayar maigida. Wannan ya fi a dogara da gane motsi ta hoto, wanda kyanwa da ƙwaron fitila da ƙurar hunturu ke ruɗawa. Kalmar zon ma, da akwatin alam ke kiran kowane zagaye da ita, ita ce manhajojin kyamara suka gada suna kiran yankin hoton da ake tsaro da ita.

Sunan da ya fi kowanne yawo, sisitibi, shi ne ya fi daɗewa da daina faɗin gaskiya. Haruffan suna nufin talabijin mai rufaffen zagaye, hoton da ba ya fita daga wayarsa, sabanin na gidan talabijin da ake watsa wa kowa. Ana danganta na farko da kamfanin Siemens a 1942, a Peenemünde ta Jamus, don kallon harba rokoki daga nesa. Yau abin da kowane maigida ke fara tambaya shi ne ko zai iya gani a wayarsa daga kasuwar Kwari ko daga Makka. Da zarar an ce e, zagayen ya buɗe, hoton ƙofar gidansa yana bi ta na'urorin wani kamfani a wata ƙasa kafin ya dawo aljihunsa. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara ɗimbin kyamarori da dibi'ar waɗanda ba a canza musu kalmar sirrin masana'anta ba, ta yi amfani da su ta durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i. Ba sai an je nesa ba ma. Yaron da ya haɗa kyamarar, in ba a canza kalmar sirri bayan tafiyarsa ba, gidan yana cikin wayarsa.

Daga nan maganar ta bar hannun injiniya. Muna da kalmomi da yawa na wannan aiki, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Gadi aro ne daga Ingilishi, muka ɗora masa mai, maigadi ya koma cikin Ingilishin Nijeriya da rigarmu. Sintiri ma aro ne daga bakin soja. Tsaro tamu ce, kuma kalma ce mai mutunci. Sa ido kuwa baki biyu gare shi: hukuma ta sa ido an yaba, amma a ce wa mutum ɗan sa ido zagi ne. A can ƙarshe akwai leƙen asiri, tajassusi a bakin malamai, wanda Suratul Hujurati ta hana. Kyamara ɗaya tana iya amsa kowanne daga cikin sunayen nan, ya danganta da inda aka juya fuskarta.

Gidan cikin birni an gina shi ne a kan tsarin wa zai ga me. Zaure na baƙi ne, ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, daga nan shigifa, sannan tsakar gida, inda namiji baligi ba ya shiga sai da izini. Kyamarar da ke kallon ƙofar gida tana iya ƙarfafa wannan tsari. Marie Van Brittan Brown, ma'aikaciyar jinya baƙar fata a Queens ta birnin New York, ita da mijinta suka nemi rajistar irin wannan a 1966 aka ba su a 1969, don ta ga mai ƙwanƙwasa ƙofa ta yi magana da shi ba tare da ta buɗe ba. Uwargida a Zaitawa za ta gane wannan buƙata ba sai an yi mata bayani ba. Amma tsohuwar waya tana da wata illa a nan: inda ta ƙare, nan ake son kafa kyamara, don a huta da jan sabuwa. Wayar jiniya da ta dish kuwa a can sama suke ƙarewa, a ƙaton bene ko kan rufi. Jiniya ba ta da ido, dish sama yake kallo. Kyamara a wannan tsayin, a unguwar da bene ɗaya ke tsaye a tsakiyar gidajen ƙasa, tsakar gidan maƙwabta take kallo, da madafa, da hanyar makewayi. Irin wannan ƙara tana kai wa ga mai unguwa, kuma mai ƙarar yana da gaskiya.

Kusan kowace kyamarar zamani tana da saitin da ake zana baƙin murabba'i a kan wani ɓangaren hoto ya rufe shi. Masu haɗawa da sunan Ingilishi suke kiransa in sun kira shi, yawancin masu gida kuwa ba su san da shi ba balle su nema. Ni dai labule zan ce masa, don maigida ya iya cewa, "Injiniya, sa wa gidan Malam labule," a gane shi nan take. Sai dai a tabbata a cikin kyamarar kanta aka sa shi. Wanda aka zana a manhajar kallo kawai yana iya rufe abin da ke allo, faifan kuma ya ci gaba da naɗe tsakar gidan Malam ɗin cikakkiya. Maƙwabcin yana da haƙƙin a kira shi a buɗe masa naɗin jiya ya gani da idonsa.